Ɗana ya fi son yawan kwabbai

Tambaya: Ɗana mai shekara 5 yakan zaɓi kwabbai uku masu lamba 1, ya bar guda mai lamba 10. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, yaro a wannan shekarun yawa yake ƙirgawa, bai kai ga gane daraja ba. Fara da iri biyu kacal, na 1 da na 5. Ya ware su, ya karanta lambar jikinsu, domin girman kwabo ba ya nuna darajarsa. Sai ki jera na 1 guda biyar gefen na 5, ku riƙa musanya kullum na minti biyar. Kada ki kawo na 10 sai ya iya wannan da kansa. Ki nisanta kwabbai daga ƙannensa 'yan ƙasa da shekara 3, suna haɗiyewa.