Tambaya da Amsa: Yaushe Zan Ga Sauƙi a Wurin Mai Gyaran Ƙashin Baya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi. Wata huɗu ke nan ciwon ƙugu ya hana ni sakat, har ruku'u ma da ƙyar nake yi. Na je wurin mai gyaran ƙashin baya da hannu, wanda ake kira kairofrakta, sau uku, amma washegarin zuwan farko duk jikina ya yi tsami. Yanzu ya ce in biya kuɗin wata shida gaba ɗaya. Yaya aikin yake tafiya, kuma yaushe zan ga sauƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Tsamin jikin nan ba abin tayar da hankali ba ne, domin mutane da yawa suna jin sa a farkon aikin, kuma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙarar da kake ji idan an danna bayan kuwa, ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba kamar yadda ake gani a wurin masu ɗori. Iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda ke fita idan mutum ya lanƙwasa yatsunsa.

Wannan sana'a ta samo asali ne a 1895 daga Daniel David Palmer a garin Davenport na Amurka, kuma abin da binciken likitoci ya nuna shi ne tana rage ciwon ƙugu daidai gwargwado, kusan kamar motsa jiki da gashin ƙashi na asibiti, amma ba ta maganin hawan jini ko ciwon suga, ko da an gaya maka haka.

Bisa al'ada, a makonni biyu zuwa huɗu na farko ana zuwa sau biyu ko uku a mako, sannan a zauna a duba inda aka kwana. Idan ana samun sauƙi sai a rage zuwan, ya koma sau ɗaya a mako, daga nan sau ɗaya a mako biyu, a kuma koya maka motsin da zai ƙarfafa naman ciki da na baya, har a sallame ka. Tun da ciwonka ya haura makonni 12, ya shiga sahun wanda ya daɗe, saboda haka sauƙin zai zo ne a hankali, yau da dama-dama, gobe ya motsa, musamman gab da Sallah lokacin da kuke kwana a sunkuye kan keken ɗinki, ƙasusuwa biyar na ƙugu suna ɗauke da nauyin saman jiki duka.

Ma'aunin da nake so ka riƙe shi ne aikin gabanka. Ka lura ko kana iya ruku'u da sujada ba tare da cije leɓe ba, ko kana iya zama a motar haya ta trotro daga Aboabo zuwa Kejetia ka sauko a miƙe, ko barci ya daina yankewa. Idan an yi makonni huɗu zuwa shida babu wani canji, ka dakata ka ga likita. Wannan ne ya sa ban goyi bayan biyan kuɗin wata shida ba, don babu mai iya sanin tun yau abin da bayanka zai buƙata a wata na biyar.

Akwai alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya: ƙafa ta yi sanyi ta rasa ƙarfi, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari da bayan gida su riƙa kuɓucewa, ko fitsarin ya ƙi fita. Idan ka ga ɗaya daga ciki, ka wuce asibitin Komfo Anokye kai tsaye. Haka nan idan ciwon ya haɗu da zazzaɓi, zufar dare da rama, a bincika, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma danna irin wannan ƙashi haɗari ne. Kafin zuwanka na gaba, ka riƙa tashi daga kan keken kana ɗan takawa duk bayan rabin awa, ka kuma sa ƙaramin matashi a bayan ƙugunka.