Tambaya da Amsa: Takunkumin da Aka Ɗinka a Gida Yana Tare Cuta Kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai ɗinki ce a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim a Jihar Jigawa. Ina da tarin ƙyallaye da suka rage daga ɗinkin mutane, kuma na yi niyyar in ɗinka takunkumi da su in raba kyauta ga matan da ke zuwa awon ciki da almajiran makarantar allon da ke ƙofar gidanmu, saboda cutar korona. Sai dai maigidana yana ganin wahalar banza zan yi, domin a cewarsa ƙyalle ba ya tare cuta, matan kuma ai suna da niƙabi. Shin akwai amfani a abin da nake shirin yi? Wane irin yadi ya dace?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan niyya. Maigidanki ya faɗi gaskiya a wani ɓangare na maganarsa, domin ƙyalle falle ɗaya da aka rataya a fuska, iska na shiga ta gefe da gefe, amfaninsa kaɗan ne. Amma takunkumin da aka ɗinka bisa ƙa'ida daban ne. Cutar tana yaɗuwa ne ta feshin yawu da majina da ke fita idan mutum ya yi tari ko atishawa, ko ya ɗaga murya, kuma mutum yana iya yaɗa ta tun kafin ya ji alamar ciwo a jikinsa. Babban aikin takunkumin yadi shi ne ya rage abin da ke fita daga bakin mai sanye da shi, sannan ya rage masa wani abu daga abin da zai shaƙa. Ki duba zauren da almajirai ke zaune kafaɗa da kafaɗa kowa yana biya karatu da ƙarfi, za ki ga inda aikinki zai yi rana. A watan Janairun 2021 ma, shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan dokar da a wancan lokacin ta wajabta rufe baki da hanci a wuraren taruwar jama'a.

A kan yadi kuwa, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a ranar 5 ga watan Yunin 2020 ita ce takunkumi ya kasance falle uku, kowanne da aikinsa. Na ciki, wanda ke taɓa fuska, ya zama auduga mai shan gumi da damshin numfashi, kuma an fi so ya zama fari ko mai haske domin a gane shi da wuri idan ya yi datti. Na waje ya zama wanda ba ya shan ruwa, kuma a nan ne atamfar roba da mata ke rainawa a lefe ta fi atamfa mai tsada amfani, tunda ruwa ba ya saurin ratsa ta. Na tsakiya shi ne matatar, kuma hukumar ta fi son irin yadin nan da ba saƙa shi aka yi ba, kamar wanda ake yin jakunkunan rabon kayan biki da shi. Idan babu shi a kusa, ki ƙara falle na auduga mai matsattsiyar saƙa, ya fi ki bar shi falle biyu.

Ba kowane ƙyalle ne a buhunki zai shiga wannan aiki ba. Leshi da duk wani yadi mai huda ki ajiye su gefe, haka ma yadi mai miƙewa, domin idan aka ja shi a kan fuska ƙofofinsa buɗewa suke yi. Ki ɗaga ƙyallen ki kalli rana ta cikinsa. Idan haske yana wucewa sosai, to feshi ma zai wuce. Sabuwar atamfa kuma a wanke ta tukuna, sitati da ragowar rini su fita, domin abu ne da mutum zai yini yana numfashi a cikinsa.

Ga babba, inci tara a kwance da inci bakwai a tsaye ya isa, a yi masa tattara uku domin ya buɗe ya rufe daga karan hanci zuwa ƙarƙashin haɓa. Ni a ganina, ga matan karkara maɗauri na yadi ya fi roba: mai hijabi za ta ɗaure shi ta bayan kai ba tare da ta buɗe kunnuwanta a bainar jama'a ba, kuma roba saki take yi idan ta sha ruwan zafi da dutsen guga. Idan kin gama na farko ki gwada a fuskarki. In numfashi ya yi miki wuya, ya yi kauri da yawa, wanda aka ba shi kuma sauke shi zai yi zuwa haɓa.

Inda kyauta irin wannan ta fi lalacewa shi ne wajen rabo. A kasuwannin ƙauye an sha ganin mutum ya ɗauki takunkumi daga faifan mai talla, ya gwada a fuskarsa, ya mayar ya ɗauki wani. Ke ki wanke hannu da sabulu, ki wanke waɗanda kika ɗinka, ki goge su, ki sa kowanne a ledarsa, kuma wanda aka miƙa wa ya zama nasa shi kaɗai. Gara ki ba mutum ashirin bibbiyu da ki ba mutum arba'in ɗai-ɗai, domin kullum ake wanke takunkumi, kuma mai guda ɗaya ba zai wanke ba. A wanke da sabulu da ruwa mai zafi, ko a wanke da ruwan sanyi sannan a tafasa na minti ɗaya, a shanya a rana. Game da almajirai, ki fara magana da malaminsu, a ɗinka wa kowane yaro alama da zare mai launi, in ba haka ba kafin kwana uku sun cakuɗa su kamar yadda suke yi da kwanukan bara.

Kada ki ba yaro ɗan shekara biyar ko ƙasa da haka, hukumar ba ta ba da shawarar a sa musu ba, jariri kuwa haɗari ne gare shi. Kada kuma ki kai wa ma'aikatan asibiti da ke duba marasa lafiya da sunan kariya, nasu na asibiti ne, irin na tiyata ko mai tace iska sosai da ake kira N95.

Sai batun niƙabi da maigidanki ya kawo. An yi shi ne domin sutura, yadinsa yawanci shara-shara ne, kuma a sake yake daga ƙasa, saboda haka numfashi yana fita ba tare da ya bi ta cikin yadin ba. Haka ma amawalin rawani ga maza. Mai niƙabi ta sa takunkumin daga ciki, ta sauke niƙabinta a kai kamar yadda ta saba.