Ina Za Mu Ga Dubai Ta Gargajiya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar kasuwa ce, sau uku ina zuwa Dubai saro kaya, amma ban taɓa ganin komai ba sai shaguna da dogayen benaye. A wannan karon zan tafi da 'yata, kuma ina so ta ga abin da ya wuce saye da sayarwa. Shin akwai sauran al'adar gargajiya a garin, kuma ina za mu same ta? Daga wata Hajiya a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kike nema yana daf da inda kika saba sauka, domin unguwar Deira, wadda 'yan kasuwarmu suka fi sani, tana bakin mashigin ruwan da garin ya samo asali daga gare shi. Tun 1833 zuriyar Maktum take mulkin wurin, lokacin da abincin jama'a ya dogara ga kamun kifi, da fatauci, da nutso cikin teku neman lu'ulu'u. Sana'ar lu'ulu'un ta durƙushe a shekarun 1930, bayan Japanawa sun cika kasuwa da wanda suke kiwo, mutane suka sha wahala ƙwarai. Ba a gano man fetur ba sai 1966, aka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 1971, don haka har yanzu akwai tsofaffin da suka tashi a gidajen zarɓar dabino kafin su ga benen Burj Khalifa mai tsayin mita 828.

Shawarata ita ce ku ware safiya guda, ku shiga ƙaramin jirgin katako da ake kira abra, ku haye zuwa Bur Dubai. A can za ku iske unguwar Al Fahidi, wadda fataken Farisa suka gina fiye da shekaru 100 da suka wuce, mai ƙananan lunguna irin na cikin birnin Kano, gidaje da yawa suna da hasumiyar da take kama iska ta sauko da ita ɗaki tun kafin zuwan lantarki. A unguwar akwai cibiyar fahimtar al'adu ta Shehu Muhammad bin Rashid, inda baƙi suke zama a ƙasa su ci abincin gargajiya, su yi wa 'yan ƙasa tambayoyi. Ku ɗanɗani harisa, wato alkama da nama da aka dafa har suka narke, da luƙaimat mai kama da fanke.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, yawancin waɗannan gidaje gyara su aka yi domin baƙi, masu su sun daɗe da tashi. Duk da haka ina ganin ƙimar abin, musamman idan na tuna yadda ganuwar Kano take zaizayewa a gaban idonmu. Al'adar da take da rai tana cikin majalisun gidaje, waɗanda baƙo ba ya shiga sai da gayyata, kuma 'yan asalin ƙasar ba su wuce kusan kashi 10 cikin 100 na mazauna ba. Wadda za ku iya gani a fili ita ce sukuwar raƙuma a filin Al Marmum lokacin sanyi, inda ƙananan na'urori suka maye gurbin yaran da a da ake ɗorawa, bayan an haramta hakan.

Idan aka miƙo muku gahawa da dabino, ku karɓa da hannun dama, idan kun ƙoshi kuma ku ɗan girgiza finjalin, domin in ba haka ba za a ci gaba da zubawa. Ki ja kunnen 'yarki kada ta ɗauki hoton kowa ba da izininsa ba, musamman mata, saboda doka tana hukunta hakan. Ku shirya tafiyar tsakanin Nuwamba da Maris, domin a Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 40.