Naƙudar kwana biyu, sallama washegari: amsa ga Yaya daga Ingila

Yaya, na saurari saƙonki, na kuma ji zafin da ke cikinsa. Kin ce wace irin ƙasa ce za a bar yarinya haihuwar fari ta kwana biyu tana naƙuda, har a ce ta koma gida, sannan da ta sauka a sallame ta washegari ko ruwan zafi ba a dafa mata ba. Kin ce mu da muka daɗe a nan mun zuba ido. Wallahi ba mu zuba ba.

Ungozomomin nan ba sa fara lissafin naƙuda daga sa'ar da mara ta fara murɗawa kamar yadda muka saba. Sai bakin mahaifa ya buɗe santimita 4, ciwon kuma yana zuwa a kai a kai, sannan su ce naƙuda ta kankama. Cikakkiyar buɗewa 10 ce. Abin da ke kafin 4 ɗin nan yakan ci yini da kwana, musamman a haihuwar fari, shi ya sa suke cewa a koma gida a ci abinci, a yi 'yar tafiya, a samu barci in zai samu. Daga 4 zuwa 10, mai haihuwar fari takan ɗauki kamar awa 8, da wuya ta haura 18. To kwana biyun da kika ƙirga, mafi yawansa share fage ne, duk da na san wadda ke durƙushe ba za ta kira shi haka ba.

Na san abin da ke ranki, yoyon fitsari. Shi yana zuwa ne idan kan ɗa ya kafe a ƙugu, ya danne mafitsara kwana da kwanaki babu mai taimako. A nan da zarar naƙuda ta kankama ana duba mace duk awa huɗu. In ba a samu ƙarin santimita 2 a wannan tsakanin ba, sai a fasa faya. In bai wadatar ba a ɗaura ruwan naƙuda, a zagaya mata ɗamara a ciki mai kai bugun zuciyar jariri ga na'ura. In ɗan ya nuna gajiya a jawo shi da ƙarfe ko da abin zuƙa, ko a shiga da ita a yi mata aiki.

Inda muke cutuwa, Yaya, wurin dauriya ne. An tarbiyyantar da mu a kan cewa 'yar mutunci ba ta kuka a naƙuda, ta cije leɓe ta yi ta salati a zuci. A gida tsohuwar da ke zaune kusa da ke ta san karatun fuska, da ganin zufar goshinki ta san inda aka kai. Ungozomar nan kuwa in ta leƙo ta gan ki shiru, ta tambaya kika ce lafiya lau, ta ɗauka lafiyar ce, sai ta wuce ɗakin wadda ke ihu. Ba kuma ƙaramin abu ba ne: rahoton 2018 na MBRRACE, masu bin diddigin mace-macen mata masu ciki da masu jego, ya nuna baƙar mace a Birtaniya ta ninka farar mace sau biyar wajen haɗarin rasa rai a dalilin ciki da haihuwa. Ratar ta ragu daga baya amma ba ta rufe ba, kuma ba duka laifin shirunmu ba ne, akwai rashin saurare daga ɓangarensu. Shi ya sa duk amaryar da aka kawo, tun tana zuwa awo muke zaunar da ita. Ki danna ƙararrawar nan ta gefen gado. Ki ce ciwon ya canza, ki ce jinin ya yi yawa, ki ce a kira likita. In Turancin ya gudu saboda azaba, ki nemi tafinta, haƙƙinki ne. Akwai iskar da ake zuƙa ta wani bututu da mace ke riƙewa da hannunta, akwai allurar baya mai kashe ciwo daga ƙugu zuwa ƙasa, karɓarsu ba ragwanci ba ne. Shigar miji ɗakin haihuwa ma, wadda kika kira rashin kunya, daga nan ta samo asali: wanda zai yi magana a madadinta ake nema, kuma sau da yawa shi kaɗai gare ta.

Sallamar wuri kuwa ba yasarwa ba ce, ungozoma ce ke biyo ta gida. Ta duba ɗinkin ƙari, ta danna mara ta ji ko mahaifa na komawa, ta auna jini, ta ga yadda yaro ke kama nono. Rana ta biyar a ɗan soki dundunniyarsa a ɗauki jini don gwaji. Wajen kwana goma a miƙa su ga ma'aikaciyar da ke bibiyar lafiyar yara, sati shida zuwa takwas kuma mai jego ta ga likita. Wadda aka yi wa aiki sau da yawa ana haɗa ta da allurai ta riƙa yi wa kanta na kwana goma don kada jini ya daskare a jijiya.

Yanzu batun jego. Tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma mun bar shi, ba don babu itace kawai ba. Ruwan ɗumi muke yi, wanda hannu zai iya jurewa, domin fatar da aka ɗinke ba ta son ƙuna. Kunun kanwa kam ni ce kan gaba wajen hanawa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da gishirin kanwa da tsananin zafin wanka da na gado. Balle wadda ta fito da hawan jini. Abin da muka riƙe gam shi ne kada mai jego ta shiga kicin. Muna da jerin sunaye a WhatsApp, yau wannan ta kai farfesu, gobe waccan ta je ta karɓi yaro uwar ta runtsa, haka har arba'in, don hutun miji sati biyu ne kacal. Ran suna a yi addu'a a masallaci, rago kuwa a ba mahauci ya yanka a mayanka, ko a turo muku kuɗi ku yanka a can.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba ɗinki ba ne, kaɗaici ne. Ɗaki a rufe, sanyi, duhu tun ƙarfe huɗu a hunturu, babu masu barka masu shige da fice. Kukan kwanakin farko an saba da shi, amma in ya wuce sati biyu ba ta barci, ba ta sha'awar komai, ciwo ne mai magani, kada a ce mata ta yi haƙuri kawai. In kin kira ta, kada ki tsaya a "ya jiki", don za ta ce da sauƙi. Tambaye ta sau nawa take canza ƙunzugu, ko akwai wari ko zazzaɓi, ko kai na sara mata, ko ƙafa ɗaya ta kumbura. In ta amsa da e, ki sa ta kira asibiti a take, ki kuma kira ni. Maganar zuwanki kuma, bizar ziyara wata shida take bayarwa, ki ce wa mijinta ya fara haɗa takardu.