Kare kundi a Nuwamba, tikitin Garwa a wane wata?

Wani ɗalibi ɗan Garwa, a arewacin Kamaru, ya rubuto daga Monpeliye, can kudancin Faransa. Shekararsa ta huɗu ke nan yana digirin dokta a kimiyyar tsirrai, yana bincike kan yadda wasu irin dawa ke jure ƙuduji. An tsayar masa da ranar kare kundi a tsakiyar Nuwamba, katin zamansa zai ƙare ran 31 ga Disamba, albashin kwantiraginsa kuwa ya yanke tun bara. Mahaifiyarsa ta ce kada ya ƙara mako guda bayan jarrabawar, domin dangin yarinyar da aka ba shi sun fara ƙorafi. Kawunsa da ke Paris ya ce wauta ce ya koma bai karɓi takardar zama ɗan Faransa ba. Ya rufe da cewa: "Yaya, in sayi tikiti yanzu tun yana da araha? In na koma kuma, me zan tarar?"

Ƙanena, na amsa gaisuwarka. Allah ya kai mu ranar lafiya, ya sa ka fito daga zauren nan ana kiranka dokta. Amma tikitin nan ka bar shi inda ka gan shi tukuna.

Mutanen gida sun ɗauki ranar kare kundi, wadda ku can kuke ce wa sutanans, kamar saukar karatu: a yanka rago, a raba waina, a watse. A tsarin Faransa ba haka abin yake ba. Dokar da ke tafiyar da digirin dokta tun 2016 ta ce sai malamai biyu daga wajen makarantarku sun karanta kundin sun rubuto rahoto, rahoton kuma ya iso aƙalla kwana 14 kafin ranar. Ɗaya ya yi jinkiri, ko mura ta kwantar da shi, ranar ta gusa ke nan. Sake haɗa mutum huɗu zuwa takwas na kwamitin a rana ɗaya, ga hutun Kirsimeti na ƙaratowa, shi ma wani kundin ne. A ce ma an yi a ranar da aka sa. In kwamitin ya nemi gyara, wata uku gare ka ka gyara ka miƙa, kuma sai ka miƙa za a ba da digirin. Abin da za ka fara riƙewa a hannu takardar shaida ce ta wucin gadi. Ainihin difloma, mai kauri da hatimi, watanni take ɗauka kafin ta fito.

Ni da nake gaya maka na yi wannan wautar. Kwana tara bayan na kare nawa na hau jirgi, takardar wucin gadi a jaka, ina jin kaina wani gwarzo. Da aka buɗe ɗaukar malamai aka ce kowa ya kawo asalin difloma a gani da ido. Tawa tana kwance a wani ofishi a Turai. Kafin in rubuta wasiƙar wakilci, aboki ya karɓo min, ya samu amintaccen matafiyi mai zuwa Yawunde, an rufe karɓar dosiye, wato takardun neman aiki. Shekara guda cur na yi ina yawo a babur daga gida zuwa gida ina koya wa 'ya'yan mutane lissafi da yamma. Don haka in har ba za ka iya jiran diflomar ba, kada ka bar garin nan sai ka tambayi ofishin digirin dokta yadda suke ba da ita ga wanda ya tafi, ka bar wasiƙar wakilci da hoton fasfonka a hannun wanda ka yarda da shi.

Katin zamanka shi ne abin da ya fi gaggawa, shi ne kuma ka ambata a layi ɗaya kamar ba komai ba. Ana neman sabuntawa ne tsakanin wata huɗu da wata biyu kafin kati ya ƙare. Naka na 31 ga Disamba, ka ga ƙofarsa tana buɗe daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, wato kafin ma ka kare kundin, a daidai lokacin da kake kwana kan kwamfuta kana gyaran babi na biyar ba ka san ko wace rana ake ba. Ka ware yini ɗaya. Ka karɓi wasiƙa daga malamin da ke duba aikinka, ka je ofishin jami'a mai kula da baƙin masu bincike, wanda ake kira Euraxess, su duba irin katin da ke hannunka su gaya maka abin da ofishin perfe, mai ba da katin zama, zai nema. Akwai katin shekara ɗaya na neman aiki ko kafa sana'a da ake ba wanda ya gama digiri na biyu ko ya kammala bincike. Ba a sabunta shi. Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba, wanda ya gama ya koma ƙasarsa yana iya neman bizar wannan shekarar daga gida, matuƙar shekara huɗu ba ta cika ba da samun digirin. Komawarka Garwa ba ta toshe wannan ƙofar ba.

Me za ka yi da wata biyu ko uku da nake so ka ƙara? Ka rubuta muƙalunka. Nan nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau. Kundi mutum bakwai ke karanta shi, biyu daga ciki ma rabi suke karantawa. Muƙalar da ta fito a mujallar kimiyya ita ake ƙirgawa, ranar ɗaukar aiki da ranar ƙarin girma. A jami'o'inmu hawa huɗu ne, daga asistan zuwa sharje de kur, zuwa metir de konferans, zuwa farfesa, kuma kwamitin da ke duba dosiyen hawa muƙalu yake dubawa. Kowane ɗalibi yakan ce zai rubuta in ya isa gida ya huta. Ka san Garwa a watan Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wuta ta tafi, fanka ta tsaya, ƙannenka sun cika ɗaki, baƙi na sallama daga hantsi har isha'i. Malaminka kuma, wanda yanzu kake ƙwanƙwasa masa ƙofa ya amsa, yana da sababbin ɗalibai. Saƙonka zai kwana uku, ya koma mako uku. Ga shi jami'a za ta rufe maka adireshin imel, mujallun da kake buɗewa kyauta su koma neman kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tura muƙala biyu kafin ka ɗaure kaya, ko da ba su fito ba, su kasance suna hannun editoci, ka sa adireshin imel naka na kanka a kansu.

Bayanan bincikenka ka kwafe su wuri biyu, da izinin malaminka a rubuce. Irin dawar da ka yi aiki da shi kuwa, kada shaiɗan ya raya maka ka ƙulle shi a leda ka tura cikin safa. Iri yana tafiya ne da takardar lafiyar tsirrai da yarjejeniya tsakanin cibiyar da ta ba da shi da wadda za ta karɓa. Ba tsoron kwastan kaɗai ba ne. Sakamakon da ka samu da irin da ya shigo ta ɓarauniyar hanya, za ka sha wuya kafin ka iya buga shi.

Maganar kawunka ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Ya yi gaskiya ta fuska ɗaya: wanda ya yi digiri a Faransa ana rage masa shekarun jira daga biyar zuwa biyu kafin ya nemi zama ɗan ƙasa. Sai dai suna duba tsayayyen aiki da kuɗin shiga, kai kuwa kwantiraginka ya ƙare. Abin da bai gaya maka ba shi ne dokar Kamaru ta 1968: baligin da ya karɓi wata ƙasa da son ransa ya rasa ta Kamaru. Aikin jami'ar gwamnati da kake hange, a dosiyensa akwai takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Kuma mai fasfon Faransa sai da biza yake shiga Kamaru, ko da Innarsa zai je gaisarwa. Kawu ya zaɓi tasa hanya, Allah ya ba shi sa'a. Ka gode masa da ladabi, kada ka saki reshe ka kama ganye.

Me za ka tarar? Wuraren aiki sun fi na zamaninmu yawa. Da, duk arewa jami'ar Ngaundere ce kaɗai, can Dang. An buɗe ta Marwa a 2008, ta Garwa a 2022. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, IRAD, tana da tashoshi a Marwa da Garwa da Wakwa kusa da Ngaundere. Hedikwatar kamfanin auduga SODECOTON a Garwa take, kuma manoman audugar nan su ne masu noman dawa da masara. A ƙarshen 2018 gwamnati ta ba da umarnin ɗaukar masu digirin dokta 2,000 cikin shekara uku, aka fara a 2019. Amma ka lura, irin wannan ɗauka zuwa take kamar ruwan bazara, ba kowane wata ba, kuma masu jira sun yi yawa. Abin da galibi ake fara samu shi ne koyarwar wucin gadi, a biya ka bisa awa, kuɗin kuma su zo a makare. Ko wanda aka ɗauka sosai yakan daɗe kafin lambarsa ta ma'aikaci ta fito albashi ya fara sauka. Saboda haka ka zo da guzurin shekara, kuma kada kowa ya san yawansa. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya hawa ba ya sauka. Yuro 3,000 ya kusa miliyan 2. Da jin lambar sai ka ce dukiya ce. Biki ɗaya da gyaran rufin gida ɗaya, sun tafi.

Ta fannin binciken kansa kuma, ka fara sauya tambayarka tun yanzu. Aikin da sai da firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri da na'urar karanta ƙwayoyin halitta, ka bar wa abokanka na Monpeliye. Kai abin da za ka mallaka, su ba su da shi: gonar da ƙuduji ya cinye tana bayan gari, manomin da kakansa ya zaɓi irin yana zaune a inuwa yana jiran mai tambaya, ga masakwa da ake dasawa a karal, wato ƙasar laka, ta Diyamare, yankin Marwa, bayan ɗaukewar ruwa a girbe ta cikin rani. Kafin ka taso, ka zauna da malaminka ku rubuta shafi biyu na aikin haɗin gwiwa, gona taka, ɗakin gwaji nasu. Wannan shafi biyu ya fi duk wata wasiƙar yabo da zai rubuta maka.

Ƙananan abubuwa a gurguje. Ɗaki mai kaya wata ɗaya ake ba da sanarwar tashi, kuɗin ajiyarka kuma sai bayan wata ɗaya ko biyu suke dawowa, don haka kada ka rufe asusun banki da wuri. Ka sanar da ofishin tallafin haya ranar tashinka, kada su biyo ka bashi. Takardun albashin shekara ukun nan ka adana su kamar takardar fili, domin akwai yarjejeniyar fansho tsakanin Faransa da Kamaru tun 1990. In za ka aiko littattafai da kaya ta ruwa, ka nemi takardar ƙaura daga ofishin jakadancinmu kafin kayan su tashi.

Saura Inna. Ita ba tikiti take nema ba, rana take nema wadda za ta faɗa wa surukai ba tare da ta ji kunya ba. Shekara huɗu tana ce musu "ya kusa". Abin da ke ɓata irin wannan magana shi ne shiru da kwana-kwana, ba jinkiri ba. Ka kira ta da kanka, ba saƙon murya ba. Ka ce mata jarrabawa a Nuwamba take, amma takardar da za a ci abinci da ita sai bayan nan, ka ba ta wata ɗaya tsayayye, Fabrairu misali, ka kuma cika. Sannan ka roƙi baffanka ya taka da ƙafarsa gidan yarinyar da goro, ya faɗi watan nan a gaban manya. Ita yarinyar ma ka gaya mata gaskiyar aljihunka, cewa shekarar farko ba ta mota ba ce. Kuma ka shirya, duk unguwa za ta ɗauka likita ya dawo. Ni har yau akwai gwaggon da ke kawo min takardar asibiti in duba mata, na gaji da bayani, yanzu karɓa nake in raka ta wurin masu abin.

In lokacin sayen tikitin ya yi, ka yanki na Yawunde, kada ka bi ta Njamena ka tsallako Kuseri don saurin isa. Digirin waje sai ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ba shi takardar daidaito, ekibalans, kafin ya shiga dosiyen aikin gwamnati, ita ma ba kwana biyu take fitowa ba. Ka sauka wurin 'yan'uwa a unguwar Birketiri, ka yi kwana uku ka shigar da takardunka ka karɓi rasit, sannan ka hau jirgin ƙasa na dare zuwa Ngaundere. In ka fara shiga Garwa, wata guda ba za su bar ka ka fito ba.