Zan iya shan sigarin lantarki a ɗakina a Ingila?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Ingila, kuma tun ina gida nake shan taba. Da sanyin nan, fita waje don in sha ta zame mini wahala. Abokai sun ce in sayi sigarin lantarki, wai doka ba ta hana shansa a cikin gini ba. Gaskiya ne? In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka rabin magana suka faɗa maka. Dokar hana shan taba a wuraren aiki da wuraren jama'a masu rufi ta fara aiki a Ingila ranar 1 ga Yuli 2007, kuma abin da ake ƙonawa ta kama. Shi kuwa sigarin lantarki batir ne ke dumama ruwa mai nikotin ya zama tururi, shi ya sa dokar ba ta hau kansa ba.

Sai dai mai wuri yana da ikon kafa tasa ƙa'idar, kuma da yawa sun kafa. Hukumar sufurin Landan ta hana shi a bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ɗakin naka ne ya fi damuna. Ɗauko takardar haya ka karanta tun kafin ka kashe ko sisi, domin masaukan ɗalibai da dama sun haɗa shi da taba a hani ɗaya. Tururin kan tayar da na'urar gano hayaki, a fitar da kowa waje cikin dare, kai kuma tara ta biyo ka.

Idan gudun sanyi ne kawai, ka riƙe kuɗinka. Idan kuwa niyyar barin taba kake da ita, ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Hukumar lafiya ta NHS ta ce illarsa ba ta kai ta taba ba, ko da yake shi ma yana da tasa, kuma akwai cibiyoyin taimaka wa masu son dainawa kyauta. Ka fara da su.

In ka zo saye, nemi mai caji da ake ƙara wa ruwa. An hana sayar da na sha-ka-yar tun 1 ga Yuni 2025, kuma doka ba ta yarda nikotin ya wuce miligiram 20 a kowace mililita ba. Duk shagon da ya miƙo maka abin da ya saɓa wa wannan, fita ka bar masa kayansa.

Ranar tafiya hutu, jakar hannu ake sa shi saboda batirin, kuma ba a sha a jirgi. Indiya ta haramta shi tun 2019, a Singafo ko mallakarsa laifi ne, don haka ka duba ƙasar da za ka yada zango.