Shin don masu shan iska kawai ake hana sare dajin bakin kogi?

Tambaya: Malam, ni direba ne a Agege. Na yi shekaru ina hango gumagumai jere a kan ruwa ta wajen kasuwar katako ta Oko Baba in na hau gadar Third Mainland. Yanzu sai na ji ana cewa a hana sare wasu dazuzzuka don mutane su riƙa zuwa shan iska. Daidai ne a hana talaka neman abinci saboda masu yawon shaƙatawa?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya, domin mai yankan katako shi ma iyali gare shi. Sai dai kafin maganar shan iska akwai ta ruwan sha.

Matatun ruwa na Iju da Adiyan, waɗanda ba su da nisa da unguwarku, daga kogin Ogun suke ɗiba. Idan aka yi ruwan sama a daji, ganye ne ke fara tare shi, busasshen ganyen da ya lulluɓe ƙasa ya shanye, saiwoyi su riƙe gaɓa, sannan ruwan ya riƙa tsiyaya cikin rafi a hankali har rani. Da zarar an share wurin, ruwan sai ya kwararo lokaci guda, jawur da laka. Na sha ɗiba a kwalba daga rafuka biyu bayan an ɗauke ruwa: na cikin daji kana hango yatsanka ta bayan kwalbar, na wurin da aka sare kuwa kamar kunun kanwa. Lakar nan ita ke cike cikin kogi ta ƙara ambaliya, ta kuma ƙara kuɗin tace ruwa.

Shi ya sa nake damuwa da gandun dajin Omo a Jihar Ogun, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren da ake karewa tun 1977. Har yau akwai ragowar giwayen daji a ciki, amma sara ba bisa ƙa'ida ba da gonakin koko suna ta cin sa. Itacen loko ɗaya yakan ɗauki shekaru da dama kafin ya isa katako, injin zarto kuma ya kayar da shi kafin a gama shan shayi.

Ba cewa nake a daina sana'ar katako ba. A sari malaina da aka dasa don haka, a sake dasawa, a bar gaɓar kogi da gangaren tudu.

Shan iskar ma kada ka raina shi. Ka kai yaranka Lekki Conservation Centre, cibiyar kare daji da namun daji wadda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya (NCF) ta kafa a 1990. Hekta 78 ce kacal, amma kana shiga ƙarar hon ɗin titin Lekki zuwa Epe ta fara dusashewa, sai motsin birai a saman reshe. Mutumin da ya wuni cikin go-sulo yana da haƙƙin samun irin wannan shirun. In za ku je, ku yi sammako, kafin rana ta take tsuntsaye su yi tsit.